Digiri Ga Mace Mai Aiki Da Iyali: Ina Hanya, Ina Rami?

Jawabin Kwamitin Ilimi a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, Zakka

 



Mun gode wa Allah da ya sake nuna mana wannan rana. Kun ji rahoton ma'aji, kun ji na masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, da na masu kiwo, da na masu ɗinki. Mu 'yan kwamitin ilimi namu rahoton ba na riba ba ne. Aike kuka yi mana, shi ne muka dawo da amsa.

A taron da ya gabata wasu daga cikinmu suka kawo maganar saƙonnin da ke yawo a WhatsApp, masu cewa ana ba da digiri cikin shekara ɗaya, wasu ma wata shida, ba zuwa aji, ba barin gida, kuɗi kawai za a tura. Aka ce mu je mu bincika. Maganar ta shafe mu ƙwarai, domin a cikinmu akwai malaman firamare masu NCE da suka daɗe a mataki ɗaya, akwai ma'aikatan asibiti masu difloma, akwai kuma waɗanda suka gama sakandare aka yi masu aure, takardar na nan cikin adaka. Kowace a cikinsu tana son ƙarin karatu, kuma babu wadda za ta iya ajiye aiki da miji da ɗiya ta tafi ta tare a makaranta shekara huɗu. To mai irin wannan hali ita ce ɗan damfara ke nema. Don haka za mu faɗi abin da muka gano, sannan mu ajiye shawara guda a gabanku, ku duba ta kafin a tashi.

Ba yau aka fara ba

Kafin mu shiga, mu cire wani tunani daga zukatanmu, wato cewa karatun matar aure daga ɗakinta baƙon abu ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta tsara abin da ake kira 'Yan Taru. Tana koyar da dattawan mata da ake kira jaji, ta naɗa masu malfa, su kuma su koma ƙauyuka su koyar da matan da hidimar gida ta hana su tafiya. Malama na Sakkwato, ɗaliba na ƙauye, karatu na tafiya tsakaninsu.

A shekarun 1950 kuma aka yi Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa, kuma ɗan Katsina ne, Malam Ahmadu Coomassie, yana cikin manyan da suka ja ragamarsa. Magidanta masu furfura suka zauna suka koyi karatu da rubutu bayan sun dawo daga gona. Har jarida aka riƙa buga wa lardin Katsina, mai suna Himma. Ashe da ake cewa gemu ba ya hana ilimi, kakanninmu sun gwada sun gani. Mu kuma yau mun ƙara da cewa goyo ma ba ya hanawa.

Mene ne cikin digirin?

Wadda za ta sayi buhun gero sai ta san tiya nawa ke cikinsa, in ba haka ba a cuce ta. Haka digiri yake, yana da ma'auni. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ita ke riƙe da tiyar. Kowane darasi ana auna shi da abin da ake kira yunit. Yunit ɗaya shi ne kamar awa ɗaya ta lacca a kowane mako, har mako goma sha biyar na zangon karatu. Digirin shekara huɗu ba ya gaza yunit 120.

Ku taya mu lissafi, tunda mu mutanen lissafi ne. Yunit 120 sau awa 15, awa 1,800 ke nan na darasi kurum, ban da bita, ban da aikin gida, ban da jarrabawa da rubuta kundin bincike. Wanda ya ce zai ba ki wannan cikin shekara ɗaya, yana nufin za ki zauna darasi kusan awa 35 kowane mako, shekara cur ba hutu, ga aikin ofis, ga girki, ga reno. Wanda kuwa ya ce mako shida, to mako shida gaba ɗayansa, dare da rana, awa 1,008 ne. Ko ba ki yi barci ba, ko ba ki ci abinci ba, lissafin bai fita ba.

Amma fa gajarta lokaci ta halal tana nan, kuma ta hanya uku take zuwa.

Ta farko ita ce a lissafa maki karatun da kika riga kika yi. Wannan shi ne shiga kai tsaye, wanda ɗalibai ke kira DE. Mai NCE ko difloma ta ƙasa da sakamako mai kyau, in fannin ya dace, aji biyu za ta fara, yunit ɗinta ya koma 90, shekara huɗu ta koma uku. Mai babbar difloma, HND, wasu jami'o'in kan sa ta aji uku. Akwai kuma IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, karatun share fage na kusan shekara guda, wanda shi ma ke kai mutum aji biyu.

Ta biyu ita ce a rage hutu. A Ingila akwai Jami'ar Buckingham da ta yi suna wajen ba da digiri cikin shekara biyu, alhali sauran jami'o'in ƙasar uku suke yi. Dabararsu ita ce ɗalibi ba ya tafiya dogon hutu, zango huɗu yake yi a shekara. A Amurka ma akwai tsare-tsare na ma'aikata inda ake ɗaukar darasi ɗaya ko biyu, a gama cikin mako biyar zuwa takwas, a shiga na gaba ba tsayawa. Ku lura, hutu aka yanke, karatun na nan yadda yake, har ma ya fi zafi.

Ta uku ita ce kada a yi asarar lokaci. Kun tuna 2022, yajin aikin malaman jami'a ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗiyanmu na zaune gida. Makarantar da ba ta tsayawa, da ɗalibar da ba ta faɗuwa darasi balle ta maimaita, su ne masu sauri na gaskiya a ƙasar nan.

Duk saurin da ya fita daga cikin ukun nan, 'yan uwa, sauri ne irin wanda ke haihuwar nawa.

Ƙofofin da ke buɗe gare mu

Ƙofa ta farko ita ce Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, NOUN. An kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, Shugaba Obasanjo ya farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Hedikwatarta na Abuja, tana da cibiyar karatu a birnin Katsina, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Tsarinta shi ne kina gida da littattafanki, waɗanda ake iya saukewa a waya kyauta. Cikin zango ki yi aikin gida ta intanet, wanda ake kira TMA, shi ke ɗauke da maki 30 cikin ɗari. Ƙarshen zango ki je cibiya ki zauna jarrabawa ta maki 70. Azuzuwan farko a kwamfuta ake rubutawa, manyan azuzuwa da biro da takarda. Ba ta shiga yajin aiki. Wadda ta shiga daga aji ɗaya ba ta gamawa ƙasa da shekara huɗu, kuma an ba ta sarari har takwas in haihuwa ko rashin lafiya ko rashin kuɗi ya sa ta ɗan dakata. Wahalarta guda ce babba: babu malamin da zai tsaya a kanki kullum. Wadda ba ta iya tsare kanta ba, zango zai ƙare littafi na rufe.

Ƙofa ta biyu ta malaman makaranta ce. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna, tun 1976 aikinta ke nan, ɗaga darajar malamin da ke bakin aiki ba tare da ya bar ajinsa ba, ana haɗuwa ƙarshen mako da lokacin hutu. Akwai kuma karatun dogon hutu, irin wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana yi a Zariya, inda malama ke tafiya idan an rufe makarantu ta dawo kafin a buɗe. Wannan ya fi ɗaukar shekaru, amma albashi bai tsaya ba, kuma akwai malami a gabanki kina ganinsa. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina ma tana ba da digiri tare da haɗin gwiwar Jami'ar Bayero.

Ƙofa ta uku ita ce cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda yawancin darasi ta intanet ne, akwai fannoni irin su harkar mulki, kasuwanci, tattalin arziki, da aikin jinya ga nas masu rajista. Wannan tana son waya mai kyau ko kwamfuta, da data, da sabis mai ƙarfi.

Ƙofa ta huɗu ita ce ta kowa da kowa, wato a shiga jami'a a zauna. Maƙwabtanmu na Dutsin-Ma suna da Jami'ar Tarayya tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ga mai neman NCE. A Katsina akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Qalam. Wadda ta samu izinin ƙaro karatu da albashi, kuma tana da inda za ta sauka da mai riƙe mata yara, shekara uku ta DE a nan ita ce hanya mafi miƙewa.

Sai waɗanda ke cewa a ransu, mu da ba mu da kiredit biyar fa? Ba a manta da ku ba. Duk ƙofofin nan mabuɗinsu ɗaya ne, kiredit biyar har da Turanci, da Lissafi a fannonin da ke bukatarsa. WAEC da NECO suna da jarrabawa ta masu zaman kansu, ba sai kin koma aji da yunifom ba. Waɗanda suka bi layin Arabiyya kuma akwai jarrabawar hukumar NBAIS. A fara gyara wannan tukuna, domin ba a ɗora jinka kafin a yi gini.

Labarin Kwatano

Yanzu ga ramin. A ƙarshen Disamba 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga binciken wakilinta, Umar Audu. Ya biya kuɗi ta hannun dillali, cikin mako shida aka kawo masa takardar digiri ta wata makaranta a Kwatano, Jamhuriyar Benin, da sakamakon darussan da bai taɓa zama ajinsu ba. Da ita har ya samu shiga bautar ƙasa. Shi don ya tona asiri ya yi. A farkon Janairu 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. A watan Agusta na shekarar, Ministan Ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya bayyana cewa sama da mutum dubu 22 ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu, cewa jami'o'i takwas kaɗai aka amince da su, biyar a Benin uku a Togo, kuma za a zaƙulo masu aiki da irin waɗannan takardu.

Ku dubi abin da idon basira. A cikin dubban nan akwai waɗanda suka san abin da suka saya. Akwai kuma bayin Allah da suka sayar da tumaki, suka kwashe adashi, suka ci bashi, da zaton karatu na gaskiya suka biya. Ranar tantancewa ba a bambance su ba. Ma'aikaciyar da ta kai irin wannan takarda ofis, ba kuɗinta kaɗai ta jefa cikin haɗari ba, har da aikin da take da shi tun farko da guminta, da fanshonta, da sunan gidansu. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma kada a ɗauka sai an tsallaka iyaka. NUC kan fitar da jerin haramtattun jami'o'i da ke cikin ƙasar nan, masu haya a bene ko ajin firamare su kafa allo.

Don haka kafin ko sisi ya fita daga hannunki, ki nemi amsar tambayoyi biyar. Shin makarantar na cikin jerin NUC? Shin fannin da kike so shi kansa an amince da shi a wannan makaranta, kuma a wannan tsari na daga nesa ko na ƙarshen mako? Domin makaranta na iya zama ta gaskiya, fannin kuwa ba shi da izini. Shin sunanki zai shiga rajistar JAMB? Shin hukumar sana'arki za ta karɓi takardar, wato TRCN ga malamai, da majalisar nas da ungozoma ga masu jinya? Sannan asusun wa za ki tura kuɗin? In aka ba ki lambar asusu mai sunan mutum, aka ce yi sauri gurbi zai ƙare yau, to riƙe jakarki. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Me za a samu, me ba za a samu ba?

Ba mu zo mu yi maku daɗin baki ba. Ga ma'aikaciyar gwamnati amfanin a fili yake. Mai NCE a mataki na 7 ake ɗaukarta, mai digiri a mataki na 8, kuma akwai matakin da mai NCE ke kaiwa ta tsaya, mai digiri ta wuce. Shugabancin makaranta da aikin duba makarantu sun fi kusa da mai digiri. A 2023 gwamnatin jiha ta ɗauki malamai sama da dubu bakwai, kuma ta jarrabawa aka bi. Wadda ta sayi takarda, ranar jarrabawa takardar ba ta rubuta mata komai.

Sharaɗi ɗaya ne kada a yi sakaci da shi: ki nemi izinin ƙaro karatu a rubuce daga inda kike aiki kafin ki fara, ko da karatun na ƙarshen mako ne, ki adana kwafi. Ma'aikata da dama sun gama karatu sun kawo takarda an ce ba a san da tafiyarsu ba.

Batun bautar ƙasa kuma, wadda ta haura shekara 30 lokacin kammalawa ba ta tafiya, takardar yafewa ake ba ta. Masu karatun ƙarshen mako su ma akwai wasiƙar da ake ba su a madadinta. Kowace ta tabbatar ta karɓi tata, domin ana tambayarta wajen aiki.

Masu cewa sun tsufa, ku saurara. Obasanjo bayan ya sauka daga mulki ya zama ɗalibi a NOUN, ya karɓi digirin digirgir a Janairu 2018 yana da shekara 80. Nelson Mandela ya samu digirinsa na lauya a 1989 daga Jami'ar Afirka ta Kudu, ta karatu daga nesa, yana tsare. Dokar tarayya ta 2022 kuma ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 ta aiki. Malama 'yar shekara 38 da ta fara bana ta gama tana da 41 ko 42, da sauran tafiya mai nisa a gabanta.

Amma digiri ba ya zuwa da takardar ɗaukar aiki a maƙale. Muna da ɗiya masu digiri a zaune, kun san su. Wadda sana'arta ke tafiya, tana sayen gyaɗa da kaka tana matsa, ko tana saro rogon Batsari tana fitarwa, kada ta karya jarinta don a kira ta mai digiri. Wataƙila abin da take bukata shi ne ajin manya na lissafi da ajiye littafin ciniki, wanda za a iya yi a nan garin. Kowa ta auna ɗan kwalinta da kanta. Sai dai mu tuna da wani abu. Muna kukan babu malamai mata a makarantunmu, babu mace a asibiti idan haihuwa ta zo da dare, domin baƙin da aka turo ba su zama saboda halin da ake ciki. Wadda za ta zauna ita ce wadda mijinta da ɗiyanta da gonarsu ke nan. Ita ce ya kamata mu ɗaga.

Matsalolin da suke namu

Wanda ya tsara karatu daga gida a Abuja bai san zaman bakin dajin Rugu ba. Mu muka sani.

Ta farko hanya. Jarrabawa dole sai an je cibiya, wani lokaci kwanaki a jere. Shawararmu ita ce masu makaranta ɗaya su yi rajista tare, su tafi tare da hantsi, kada a yi tafiyar asuba ko ta yamma, a kuma nemi masauki wajen dangi a kwana can har a gama. Zirga-zirgar kullum ta fi tsada, ta fi haɗari.

Ta biyu sabis da wuta. Ba mu manta Satumbar 2021 ba, da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Safana da Batsari da Dutsin-Ma, aka yi watanni sai an yi tafiya kafin a kira waya. Darasin da ke ciki shi ne kada karatunki ya rataya ga sabis na ranar ƙarshe. Ranar da aka shiga gari a sauke littattafan zango gaba ɗaya, a buga na bugawa, aikin gida kuma a miƙa shi da zarar an buɗe shafi.

Ta uku kwamfuta. Da yawa a cikinmu ba mu taɓa zama gabanta ba, ga shi jarrabawar farko a kanta ake yi. Wannan na mako kaɗan ne in an samu mai nunawa. Kuma kada a ba yaron kafe lambar sirri a ce ya yi maki aikin gida. Shi zai ci maki 30 ɗin, ke ce za ki zauna gaban 70.

Ta huɗu lokaci. Mai yunit 90 a zango shida, darasi biyar zuwa bakwai ke gabanta kowane zango. Ba ya yiwuwa sai da awa biyu a kullum, ko bayan sallar asuba kafin gida ya tashi, ko bayan isha'i idan yara sun kwanta. Wani biki zai wuce ba ki je ba, wani suna sai dai ki aika. Mu sauran kada mu riƙe ta a zuci, kada mu ce ta fara girman kai.

Ta biyar ita ce babba, yardar maigida. Kada a ɓoye mashi komai. A zauna a faɗa mashi shekara nawa, kuɗi nawa, kwana nawa za a yi a waje kowane zango, wa zai riƙe yara. Inda abin ya yi nauyi, uwayen ƙungiya da malamanmu su shiga ciki da girmamawa. Ku kuma mazajenmu da ke zaune a nan, muna roƙonku. Ilimin da za ta samo cikin gidanku zai sauka, ɗiyanku ne farkon masu shan romonsa.

Shawarar da muka kawo

Hajiya Shugaba, kwamiti na ba da shawarar a buɗe asusun karatu a cikin ƙungiya, daban da asusun jari. Ga misali don a gane: a ce mu arba'in ne, kowace ta zuba naira 500 a wata, dubu 20 ke nan a wata, dubu 240 a shekara. Adadin da za a tsayar ku za ku yanke.

Ga ƙa'idojin da muke gani. Rance ne ba kyauta ba, kuma babu ruwa a kansa. Ba a ba kowa sai kwamiti ya duba tambayoyi biyar ɗin nan ya gamsu. Kuɗin makaranta kai tsaye za a biya zuwa asusun makarantar, a kawo rasit, zango-zango, ba a dunƙule ba. Kafin a biya na gaba sai an ga sakamakon na baya. Mai albashi ta fara biya kaɗan-kaɗan daga watan da ta karɓa, marar albashi a yi mata tsari da lokacin kaka. A ware wani kaso ga masu gyaran WAEC da NECO, don kada asusun ya zama na masu albashi su kaɗai. Wadda kuma ta amfana, ta ɗauki nauyin koyar da ajin manya na ƙungiya kyauta, yini ɗaya a mako. Sannan daga ribar bana a sayi kwamfuta ɗaya da ƙaramar sola a ajiye a ofis, kowa ta koya, kowa ta yi caji. Masu shiga makarantun gwamnati kuma su tambayi ofishin makarantarsu ko tsarin da suka zaɓa na cikin rancen ɗalibai na NELFUND, wanda aka buɗe a 2024.

Mun san akwai masu ja, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Sun ce kuɗin da za a sa a hatsi da kaka ya dawo da riba kafin bazara, me zai sa a ɗaure shi shekara uku a kan mutum biyu ko uku? Sun ce in ta gama aka yi mata canjin wurin aiki, ko mijin ya tashi da ita, wa zai biya? Gaskiya ne ribar wannan asusu ba ta zuwa da wuri. Shi ya sa muka ce a raba shi da jari, zubinsa ya zama ƙarami, kowace mai karɓa ta kawo masu tsaya mata biyu daga cikinmu, kamar yadda muke yi a sauran rance. Kuma muna roƙon a gwada shi shekara biyu, a kawo lissafi gaban taro irin wannan, in bai yi ba a mayar wa kowa kuɗinta. Abin da muke tsoro shi ne mu ƙi buɗe ƙofar gaskiya, 'yar uwarmu ta je ta faɗa hannun dillali ita kaɗai, kuma kuɗin adashinmu ne dai za ta kai mashi.

Duk wadda ke da sha'awa, bayan an tashi ta samu sakatariya ta rubuta sunanta da takardar da take da ita. Ranar taron wata mai zuwa a zo da takardun, na asali da kwafi, mu zauna mu duba wa kowace ƙofar da ta dace da ita. Wadda kuma aka riga aka turo mata irin saƙon can, ko ta fara biya, kada ta ji kunya, ta same mu a keɓe. Ba mai jin sunanta.

 Allah ya jiƙan waɗanda muka fara tafiyar nan tare suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, ya zaunar da Zakka da Safana da Batsari da jiharmu lafiya. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa albarka a sana'o'inmu da zuri'armu, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya.